Tafiyar da Na Kai Isuhu Neman Maganin Shawara

Tun da muka dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na tsaya a teburina a kasuwar Kwararafa ta Jos, mai sayen nama ɗaya, masu tambaya uku. "Garba, yaya Faranshi? Garba, da gaske burodinsu ya kai sanda? Garba, yaya jikin mutumin?" Ta ƙarshen nan kuwa ƙasa-ƙasa kuke yin ta, kamar masu cinikin akuyar sata. Bakina ya gaji, shi ya sa na ari biro zan rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba malamin ya ce ko ni ko shi a ajin. In kun ga rubutun kamar kaza ta yi tono, ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙa.

Ga wanda bai sani ba, mutumin da ake tambaya shi ne Isuhu tela na Gangare. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Ina ce masa bawana, yana ce mini kura. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma tun muna yawo ba wando akushi ɗaya muke sa hannu. Ko da kowa ya tara iyali, abincin rana bai raba mu ba. In an yi azahar sai in naɗe 'yar tsoka a takarda in gangara shagonsa, mu ci muna zagin juna.

Bara da kaka ya fara rama, ya ce gajiya ce. Can sai ido ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kamar shayi ba madara, ƙafafu suka kumbura, ciki ya turo gaba alhali wuya ya zama na zakara. Aka ce shawara. Matarsa Hajara, Allah ya saka mata, ta bi duk abin da tsofaffi suka ce: ba mai, ba nama, ba gishiri. Aka ware masa kwano, aka ɗiga masa jan fenti a gindi don kada ya haɗu da na yara. Ku kuma da kuke cika shagonsa kuka koma leƙe daga bakin zaure, "Sannu Malam Isuhu, Allah ya sawwaƙe," ku juya. Ni ma kada in wanke kaina. Ina zuwa, amma in ya turo mini kwanon sai in ce na ƙoshi. Wai mahauci ya ƙoshi!

Wani likita a nan Jos ya ce a kai shi babban asibiti a Zariya. Na ce ina! Ai shawara ni na san gidanta. Shekarar fari, da na je sayen shanu ƙasar Damagaram, can ƙetaren iyaka inda muke cewa Faranshi, ta kama ni a wani ƙauye bayan Matamaye, idona ya yi kamar na mage. Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta jiƙa mini saiwar rawaya, kafin wata ya zagayo na miƙe ina cin tuwo malmala biyu. Ba wanda bai ji labarin nan ba a Kwararafa, har wanda bai tambaya ba. Na ce wa Hajara ta haɗa masa kaya, zan dawo mata da shi yana taka keken ɗinki. Isuhu ya dube ni ya ce, "Kura za ta kai rago asibiti. To mu je." Hajara ta sa kwanon nan mai fenti a cikin kayan.

Muka shiga bas ta Kano da hantsi. Kafin mu sauka daga kan dutse, duk wanda ke motar ya zama likita. Wani ɗan kasuwa ya ce rake, a yi ta sha har ido ya washe. Kwandasta ya ce ganyen gwanda. Wani dattijo ya rantse da fitsarin saniya. Sauran kuwa, da suka gama ba da magani, sai suka riƙa matsawa, har Isuhu ya sami fili kamar hakimi. Mace ɗaya ce ba ta matsa ba, wata mai dankalin Turawa daga Bukur, Saratu. Ta ce, "Baba, ɗan'uwanka ne? Kai, ya sha wahala fa. Kai kuma mara lafiya, zo ka zauna a taga, iska ya buga ka." Ta naɗe zanenta ta sa masa a baya. Da za ta sauka a Saminaka ta ce za ta sa shi a addu'a ran Lahadi. Isuhu ya nuna ni ya ce, "Ki haɗa da wannan, ya fi ni bukata."

Hanyar Kano kuwa ta Zariya take bi. Da muka iso, Isuhu ya zunguro ni ya ce, "Ba nan likita ya ce ba?" Na kau da kai kamar wanda ya hango surukinsa, na shiga yi wa direba faɗan gudu.

Kano zafi! Mu mutanen Jos an lalata mu da sanyi, ban sani ba sai da na ga rigata ta manne mini kamar fatar da ba a feɗe ba. Muka sauka a Fagge wajen wani abokin sana'a, Ɗanlami. Nan na yi wauta ta farko: wa ke kai mutumin da aka hana nama gidan mahauci? Gidan duk ƙamshin farfesun kai. Aka kawo wa Isuhu kunu salam a kwanonsa, ya juya fuska bango. Ni kuwa na zaga bayan ɗaki na sha farfesuna a tsaye, kamar mai satar cin azumi. Na goge baki na dawo ina salati. Bai ko juyo ba ya ce, "Ka bar mai a gemu."

A tasha wani direba ya ja ni gefe ya ce, "Da idon nan ba za ku ƙetare iyaka ba. Suna tsoron shawarar nan ta sauro mai kashe gari guda, in sun ga ido rawaya sai su juyo da mutum." Sai dabara ta faɗo mini. Na sayi baƙin tabarau irin na 'yan kiɗa, na ƙwama wa Isuhu, na yanko masa sanda. Na ce, "Daga nan har Matamaye kai makaho ne, ni ɗan jagora. Bakinka alaikum." Ya ce, "Makaho da kura a gaba, ai sai rami."

Muka wuce Daura muka isa Kwangwalam da rana tsaka. Ma'aikatan iyaka na gefenmu suka duba suka ce mu wuce. A ɗaya gefen wani jandarma saurayi, dogo, baƙi, ya tsare mu. Hausarsu tamu ce, sai dai an barbaɗa mata Faransanci kamar yaji.

"Daga ina, tsoho?"

"Daga Jos, ranka ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Ƙanena ne, makaho ne, tun haihuwa. Ziyara za mu."

Har na ƙara da cewa ko rana bai taɓa gani ba, don ƙarya in ba a yi mata gishiri ba ba ta shiga. Jandarma ya ɗaga hannu zai ce mu wuce, sai na ji makahona ya yi gyaran murya.

"Samari, wa ya ɗinka maka rigar nan? Aljihun hagu ya fi na dama sauka."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Jandarma ya dubi aljihu, ya dubi Isuhu, ya dube ni. Ya sa hannu a hankali ya zare tabarau. Na fara haɗa wata ƙaryar, ya ce in yi shiru. Ya tambayi Isuhu tun yaushe, ya ce tun kaka. Ya ce, "Wadda muke tsoro ba ta jan mutum watanni, kwanaki kaɗan take gamawa da shi. Wannan wata ce." Sannan ya ce, "Haka idon babana ya yi." Bai faɗi abin da ya sami baban ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya kai mu gindin wata bedi, ya kawo wa Isuhu ruwa a kofinsa na kansa. Kafin mota ta cika Isuhu ya ce a samo masa allura da zare. Jandarma ya tuɓe riga ya zauna da singileti, bawana ya farke aljihun ya mayar daidai. Ɗinkin ya tafi sak. Rabon da in ga allura a hannunsa tun kafin azumi. Da za mu tashi, yaron ya mayar masa da tabarau da hannunsa ya ce, "Riƙe, Baba, ya yi maka kyau. Kai kuma tsoho, ka rage ƙarya."

Burodin da kuke tambaya gaskiya ne. Dogo ne, ana rataya shi a hammata, bayansa kuwa in ka buga wa jaki sai ya tafi. Na gwada shi na bar masa rabin haƙori. Shayinsu ɗan mitsitsin kofi ne, ɗaci kamar maganin tsutsa, kuma sai an zagayo da shi har sau uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin kunya. Mu tuwo ne abinci, fura abin sha. Su fura ce abincin, tun safe har yamma, kuma ga su tsaye kamar kara. Namansu kuwa, a matsayina na mai sana'a, na duba: yana da kyau, amma ba su iya yanka ba, sara suke yi kamar masu faskare.

Daga Matamaye babu mota sai amalanke. Sa ɗaya, rairayi har gwiwa. Kowace gargada sai Isuhu ya dafe gefen damansa, ƙarƙashin haƙarƙari, ya cije leɓe. Ni kuma ina ta ba shi labarin yadda zai koma yana tsalle, don in na yi shiru sai in ji tsoro.

Inna Hajo tana nan, ta ƙara tsufa, ta rage tsawo. Tana ganina ta ce, "Mai surutun Jos! Ashe ba ka mutu ba?" Ta sa aka shimfiɗa tabarma. Ta cire wa Isuhu tabarau, ta ja fatar ido, ta latsa ƙafarsa yatsa ya bar rami, ta ɗan bubbuga cikin. Ina jira ta aika a tono saiwa, sai ta juyo kaina.

"Kai da aka kawo ka, cikinka ya kumbura?"

"A'a, Inna."

"Ƙafa fa?"

"A'a."

"To. Shekarar da ka zo rijiya ta ƙafe muka koma shan tafki, rabin garin nan ido ya yi rawaya, kai ma ka sha ka samu rabonka. Wanda na ba saiwa ya tashi, wanda ban ba ma ya tashi, sai wata mai ciki da muka rasa. Taka baƙuwa ce, ta kwana biyu ta yi sallama. Tasa 'yar gida ce, ta daɗe a ciki kafin ta leƙo ta ido. Ba ni da saiwarta."

Na ce, "Inna, daga Jos fa muka taso. Ko kaɗan ki jiƙa masa."

Ta ce, "In na jiƙa, don kai na jiƙa, ba don shi ba. Kai shi wajen masu duba jini."

Isuhu ne ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kura, bokanyarka ta fi ka gaskiya." Inna ta dama fura da nono mai kauri a ƙwarya ta miƙa masa. Na zaro kwano mai fenti zan juye, ta buge mini hannu ta ce ƙwaryarta ba ta ƙyamar baƙo.

Haka muka juyo, tafiyar da na yi da ƙafar zaki na dawo da ta kaza. Muka sauka Zariyar da na kau wa kai. Aka ba Isuhu gado, ni na sami rumfar masu jinya, inda Zazzagawa suka yi ta koya mini yadda ake magana a hankali, ban koya ba.

Likitan da ya duba shi yaro ne, ɗan wajenmu ne ma, daga ƙasar Fanshin. Da aka ɗebi jini sakamako ya fito, ya kira ni gefen gado ya tambayi sana'ata. Na ce fawa. Ya ce, "To Baba, ka hutar da ni zane. Ka san hanta, ka san matsarmama."

Na ce tun kafin a haife shi.

Ya ce hanta ita ke tace jini, ita ke ajiye ƙarfin abinci, ita ke fitar da ɗacin nan zuwa hanji. In ta kumbura ta kasa, sai ɗacin ya bi jini, shi ne rawayar da ake gani a ido. Ya ce ido rawaya alama ce kawai, kamar hayaƙi, wutar kuwa iri-iri ce. Akwai ƙwayoyin cuta masu kama hanta, ƙanana ƙwarai, Turawa sun sa musu A da B. Na ce alhamdu lillahi, nan dai karatuna ya kai.

Ta A, in ji shi, ta ruwa da abinci take zuwa, inda ƙazanta ta haɗu da abin sha. Takan kwantar da mutum, amma yawanci ta wuce, hanta ta warke sarai. Ga alama irin ta ruwan ce ta kama ni. Ta B kuwa ta jini take bi: allurar da aka yi wa wani aka yi maka, askar da ta yanki wani ta yanke ka, uwa zuwa jariri, miji da mata. In ta kama babba, sau da yawa jiki kan kore ta. In ta shiga tun mutum yana ƙarami, sai ta zauna shiru shekara da shekaru tana yi wa hanta tabo kan tabo, har ta taurare ta ƙanƙance, ruwa ya taru a ciki, wani lokaci ma ta rikiɗe ta zama daji. Ya ce akwai wata ma da suke gani bayan ƙarin jini, ba A ba ce ba B ba ce, har yanzu ba su ga fuskarta ba. Na ce, "Wato ba a yanka mata rago ba tukuna." Ya yi murmushi. Isuhu bai yi ba. Ya ce, "Likita, tawa wacce ce?"

"B ce, Baba. Kuma ta daɗe."

Ni na san hantar da yake nufi. Na sha fasa sa mai kyan gani, in tarar da hantar ta yi tauri, ta yi ƙuraje, wuƙa tana ƙara a kanta. Irin wadda malamin dabbobi ke cewa a jefar. Ban taɓa tunanin akwai irinta a cikin mutumin da nake zagi kullum ba. Na ce, "Likita, da na kawo shi kai tsaye ban yi yawon Faranshi da shi ba fa?" Ya ce da ya huta da gargada, amma tabon shekaru ba a mako biyu aka yi shi ba. Ya faɗa mana gaskiya: ba su da maganin da ke kashe ta. Za su rage ruwan cikin, su ba shi ƙwayoyi, ya samu sauƙi, sauran na Allah ne. Ya ce a kawo Hajara da yara a duba su, kuma kowa ya riƙe askarsa.

Da na ji aska sai na tuna. Na ce, "Rana ɗaya aka yi mana kaciya, aska ɗaya." Ya ce ba wanda zai iya cewa daga nan ne, amma a ɗebi nawa. Aka ɗiba. Na yi kwanaki ina duba idona a gindin cokali. Sakamako ya fito, babu. Isuhu ya ce, "Na faɗa maka. Ko cuta tana da zaɓi."

Sai shi ya zaro kwanon nan daga ƙarƙashin gado ya nuna wa likita fentin. Ya ce, "Wannan fa?" Likita ya juya kwanon ya ce, "Wa ya ce a ware? Irin taka ba ta bin kwano. Ku wanke hannu ku ci tare." Ya ce yunwa ma tana cikin abin da ya kayar da shi. Gishiri ne zai rage ƙwarai saboda ruwan cikin, amma ya ci abinci, har nama ɗan kaɗan in ciki ya karɓa.

Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na nufi Tudun Wada, na ture wani mai balangu daga kan wutarsa, na zaɓi tsoka mai taushi da hannuna, na gasa ba gishiri. Yana ta cewa haka ake yi a Jos? Na ce haka ake yi wa sarakai. Na kawo na juye a kwanon mai fenti, na wanke hannu, na zauna a bakin gadon na sa hannu tare da shi. Yanka uku ya iya ci. Ya tauna a hankali, ido rufe. Ya ce, "Naman jaki ne, amma an gode."

Na ce, "Bawana, ka yafe mini wahalar hanya."

Ya ce, "Kai kana tsammani na yarda da tsohuwarka ne? Tela ne ni, na san rigar da ta wuce gyara. A gida kowa ya koma yi mini magana kamar an riga an yi mini wanka. Kai kaɗai ka rage kana ce mini bawa. Na ce gara in bi kura in ji zagi ko na kwana biyu ne."

Na tashi na ce hayaƙin balangu ne ya shige mini ido.

To, kun ji yadda Faranshi take. Na tafi neman saiwa ban samo ba, kuma ba zan ce muku Isuhu zai warke ba, don likita bai ce ba. An duba Hajara da yara, ana bin abin da likita ya ce. Ni ma na sayi askata, wanzamina yana fushi, ya huce. Cikin Isuhu ya ɗan sauka, yakan fito shago da hantsi ya zauna da tabarau ɗin nan kamar ɗan kiɗa, wata rana har ya ɗinka maɓalli. Kwanon mai fenti yanzu shi ne kwanonmu na rana, kuma babba ne, yana ɗaukar hannu biyar.

Saboda haka kada wanda ya sake tsayawa a teburina ya rage murya ya ce yaya jikin mutumin. Gangare ba ta kai Damagaram nisa ba, ba jandarma a hanya. In an yi azahar ku zo ku wanke hannu. Wanda ya tsaya a bakin zaure yana "sannu, sannu" ni zan kore shi da kaina. Ku shigo ku ce masa ɗinkinsa ya karkace, ku ji abin da zai ce da ubanku.

Ya ce in gaya muku makahon yana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba.